Motar Verna da Kunnen Orest Danyluk

"Ba ni makullina."

"Ba za ta fita yau ba, 'yar Penner."

"Kada ka sake ce mini 'yar Penner! Jikoki gare ni. Ba ni makullina, Mista Danyluk."

In dai Verna Klassen ta kira shi Mista Danyluk, to rai ya ɓaci ke nan. Orest ya sani. Tun tana 'yar ƙarama yake gyara wa mahaifinta, tsoho Penner, tarakta, kuma tun lokacin bakinta ba ya da birki. Ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Makullin na cikin aljihun rigar aikinsa.

Safiya ce ta watan Janairu, irin wadda gashin hanci ke daskarewa kafin mutum ya kai bakin titi. Motar Verna, tsohuwar dizal ruwan toka mai dogon baya, tana tsakiyar gareji, ƙanƙara na narkewa daga jikinta tana ɗiga a ƙasa. A hanya ta mutu musu, bayan gadar jirgin ƙasa, wani maƙwabci ya jawo ta da igiya. Mijinta Elmer yana zaune kusa da murhu cikin bargo. Ƙodarsa ta daina aiki tun shekarar da ta gabata. Yau a kai shi asibitin birnin Yorkton wankin ƙoda, gobe ya huta, jibi a koma. In ya rasa zuwa ɗaya, ƙafafu su kumbura, numfashi ya fara gagara. In ya rasa biyu, ba a son faɗa. Motar nan ce ke kai shi. Ba su da wata.

"Makon jiya ka yi mata juye," in ji Verna. "Da bakinka ka ce za ta fitar da mu hunturu lafiya. Ga ta nan, ko ƙamshin Yorkton ba ta ji ba."

"Na faɗa."

"To me ka taɓa?"

Ya riga ya kwance filtar mai tun kafin ta fara faɗa. Ya riga ya gani. Man da ke ciki ya daskare ya yi fari kamar man shanu. Man lokacin zafi ne, wanda ba ya jure sanyi. Gidan man garinmu ya koma sayar da na hunturu tun kafin ƙanƙarar farko, kuma Verna ba ta shan mai ko'ina sai can. Wuri ɗaya ake samun irin wannan mai a watan Janairu: manyan tankunan gona, ragowar abin da taraktoci suka sha lokacin girbi. Akwai ɗaya a bayan rumbun su Klassen.

Orest ya ɗaga kai ya dubi Elmer. Safar hannun Elmer ta dama tana da tabon mai, sabo, ko bushewa bai yi ba. Elmer ya janye hannun cikin bargo, ya zuba wa ƙasa ido.

Mutum ne da a da shi kaɗai yake ɗaga ɗan maraƙi ya sa a bayan mota. Yanzu matarsa ke tuƙa shi, ita ke share ƙanƙara daga ƙofa, ita ke ɗaura masa igiyar takalmi ranar da ƙafa ta kumbura. Abu ɗaya ya ga zai iya yi mata. Ya lallaɓa da sassafe ya cika mata tanki.

"Tambayarka nake," in ji Verna.

"Filtar ce," in ji Orest. "Ban ɗaure ta da kyau ba, ta sha iska. Laifina ne."

Verna ta zaro ido. Faɗa ta zo yi, ba ta shirya wa wannan ba.

"Kai? Kai ne ba ka ɗaure filta ba?"

"Tsufa ne, 'yar Penner. Zai zo miki." Ya zaro wani makulli daga ƙusa ya miƙa mata. "Ɗauki a-kori-kurata. Giya ta biyu tana da taurin kai irin naki, lallashinta ake yi. Ku tafi, lokaci na ƙurewa."

Ta fizge makullin. Shi ya riƙe Elmer har bakin mota, ya tura shi ciki, ya cusa masa bargon ta gefe. Ba su haɗa ido ba.

Wannan shi ne mutumin da nake so in yi wa jinjina. Ba a taɓa buga sunansa a ko'ina ba sai a jikin allon da ke saman ƙofar garejinsa, shi ma fentin ya kusa gogewa.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san safiyar Orest. Kafin a kunna fitilar shagon biredi ya hura murhu. Ya ɗora butar kofi a kai. Sannan ya tsaya a ƙofa da kofinsa, ba don ya gaisa da kowa ba, don ya kalli hayaƙin motocin da ke wucewa. Farin hayaƙi mai kauri, ya ce filogan ɗumama inji sun gaji. Baƙi, ya ce mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Mai shuɗi-shuɗi, sai ya girgiza kai, injin ya fara shan baƙin mai. Kafin mutum ya kai inda za shi wayarsa ta yi ƙara.

"Ka biyo ta nan da yamma. Motarka tana tari."

"Ni ban ji komai ba, Orest."

"Shi ya sa ni ne makaniki."

Ba ya yarda a ajiye masa mota a tafi. Sai mai ita ya tsaya ya gani. Ga inda ruwa ke taruwa a ƙasan filta, ga yadda ake tsiyaye shi. Ga yadda ake cusa kwali a gaban lagireto in sanyi ya tsananta. Jira fitilar nan ta mutu kafin ka murza makulli, ba tsere ake ba. Igiyar wutar da ke leƙowa ta hancin motar ba ado ba ce, a jona ta a bango kowane dare don inji ya kwana da ɗumi. Direbar motar makaranta ta ce sau da yawa takan fito da safe ta tarar an jona mata tata, alhali ta tabbata ta manta. Sawun takalmi kawai take gani a ƙanƙara, babba, ƙafar hagu na ɗan ja. Ba ta taɓa yi masa maganar ba. Da ta yi, musu zai yi.

In zai daidaita inji kuwa, sai ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Ya bi nozul, bakunan da ke fesa wa inji mai, ɗaya bayan ɗaya. Ya sassauta famfon mai, ya murɗa shi ɗan kaɗan, ya sake saurare, ya mayar da shi baya kaɗan, har sai kakkarar injin ta koma daidai, ba gaggawa ba ja da baya. Yana da na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwon mota, kuma yana amfani da ita. Amma yakan ce ita tana faɗin inda ciwo yake ne bayan ya kama, kunne kuma yana jin sa tun yana hanya.

Ranar da su Verna suka tafi da a-kori-kurarsa, ya wuni a kan motarsu. Ya bar ta ta ɗumama, ya tsiyaye tankin kaf, ya wanke layin mai, ya sa sabuwar filta, ya fitar da iska. Kashegari, da ya tabbata Verna ta tafi taron mata na coci, ya ɗora duro a bayan mota ya nufi gonar.

Ya tarar da Elmer a ɗakin girki yana kallon taga.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji Elmer. "Ka zo ka sa wa tankin kwaɗo."

"Kwaɗon me? Tankinka ne."

"Zan gaya mata."

"Ka gaya mata me? Ta riga ta sami wanda za ta zaga, kada ka raba mata hankali."

Elmer ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Tun ina yaro na san man zafi ba ya kwana a mota da hunturu, Orest. Tun ina yaro. Maganin nan da suke ba ni ya mayar da kaina kamar auduga. Na tsaya a gaban tankin nan ina jin daɗi, wai yau na yi wani abu."

"Tashi ka sa takalmi, malalaci. Ina da aiki a waje."

A bayan rumfar mota, inda iska ba ta bugu, Orest ya kafa duron. Man hunturu ne daga gidan mai. Ya ɗaura masa ɗan famfon hannu, ya ƙara wa mariƙin tsawo da guntun bututu don kada ya buƙaci ƙarfi. Ya ce Elmer ya gwada. Elmer ya kama da hannu biyu, ya danna, mai ya zubo.

"Daga yau wannan ne naka," in ji Orest. "Wancan na tarakta, in ka sake kusantarsa kafin ciyawa ta fito, ni da kaina zan kai ƙararka wurin 'yar Penner. In ya yi ƙasa ka buga mini waya."

"Me zan ce mata in ta ga tanki a cike?"

"Ka ce mijinta ne ya cika."

Garinmu ƙarami ne, magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Verna ba muguwa ba ce, amma tsoro ya shige ta ranar, kuma mai tsoro sai ya faɗa. Ta faɗa a coci, ta faɗa a shago. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin manoman da ke zaman shan kofi a shagon biredi sun yanke hukunci: Orest ya fara sakin layi. Wani ya ce dama ya lura. Wasu suka fara kai motocinsu birni. In ya shigo sayen biredi sai a yi masa tsiya.

"Orest, ka ɗaure maɓallin rigarka da kyau, kada ta sha iska!"

Sai ya duba rigar, ya gyara maɓallin, ya ce, "Na gode, da na mutu a hanya." A yi dariya. Ya ɗauki biredinsa ya fita. Matarsa Stefania ta ce a kwanakin nan ba ya cin abincin kirki. Shekarun da ya yi yana gina suna sun fi shekaruna a duniya nesa ba kusa ba. Kalma ɗaya za ta wanke shi. Bai faɗe ta ba.

Orest, kai ne ka tsaya a tsakiyar shagon nan ana yi maka dariya a kan abin da ba ka yi ba. Kai ne ka san inda gaskiya take, ka bar ta a bayan rumfar mota tare da duro. Na sha jin mutane suna cewa za su iya ba da ransu don wani. Ban cika yarda ba, don ba a cika tambayarsu ba. Mutunci kuwa kullum ana iya tambayar mutum, kuma ban ga masu bayarwa ba. Kai ka bayar.

Verna da kanta ta gano. Ta lura duk ranar asibiti Elmer yana riga ta tashi, ya fita, ya dawo kumatunsa sun yi ja yana wani murmushi. Ta lura ta daina tsayawa gidan mai. Wata safiya ta bi sawunsa. Ta same shi riƙe da famfo da hannu biyu, yana rera waƙar coci a ƙasan maƙoshi, abin da ta manta rabon da ta ji. Ta tambaye shi, ya gaya mata duka.

Da rana sai ga ta a gareji da kwanon biredin gida lulluɓe da tawul. Ta dire shi a kan teburin aiki da ƙarfi.

"Maƙaryaci."

"Sannu da zuwa, 'yar Penner."

"Tsohon maƙaryaci! Ka bar ni ina yawo a gari ina zubar maka da mutunci. Me ya sa?"

Orest ya ɗaga tawul ɗin ya leƙa. "Nawa yana da yawa. Nasa saura kaɗan."

Ta zauna a kan tsohuwar taya ta yi kuka. Ya bar ta ta yi, ya ci biredi biyu a tsaye. Da ta share fuska ta ce za ta je shagon biredi ta gaya wa waɗancan tsofaffin komai.

"Ki je ki ce mijinki ya manta man zafi da na hunturu? A gaban mutanen da ya yi noma tare da su?"

Ta girgiza kai.

"To ki bar shi. Ki ce na gyara halina."

Haka ta yi, ba don tana so ba. Elmer ne daga baya ya shiga shagon da sandarsa ya ba da labarin da bakinsa, kuma shi ya ce in rubuta yadda aka yi, kada in rage. Ya ce tsofaffin sun daɗe suna juya cokali a kofi.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi.

Da aka gama girbin bana, Verna ta kawo motar a shirya ta don hunturu. Orest ya kashe rediyo. Ya ɗora sukudireba, ya manna kunnen dama. Ya daɗe. Ya juya ya manna na hagu. Ya daɗe fiye da haka. Sannan ya miƙe, ya dubi sukudirebar kamar ita ce ta yi masa laifi.

"Zo nan," ya ce. "Sa kunnenki."

"Ni? Me na sani?"

"Kin san surutu. Saurari wannan ki gaya mini."

Ta sunkuya. Ya riƙe mata bakin a kan nozul na farko, na biyu, na uku.

"Tsaya. Wannan daban ne. Kamar ana buga cokali a gefen kofi."

"Da sauri ko a hankali?"

"Yana tsallake ɗaya. Ya buga, ya buga, ya yi shiru."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance na ukun, ya same shi ya toshe rabi. Da ya kai tsakiyar hunturu a haka, wata safiya motar ba za ta tashi ba. Ya sa sabo, ya sa Verna ta sake saurara har ta ce duka sun zama ɗaya. Bayan ta tafi ya zauna a bakin murhu. Stefania ta ce da ya dawo gida abin da ya fara faɗa shi ne, "Abin da suka yi mini tsiya a kai ya iso." Likita ya ba shi na'urar ƙara ji. Tana sa ya ji mutane. Inji kuwa, ya ce duk ƙara ɗaya take mayar masa, kamar ruwan sama a kan kwano.

Mutane sun roƙe shi. Ya ce wanda ba ya jin mota ba shi da hurumin ce wa mace ta ɗauki mijinta marar lafiya ta hau titi da ita. Ya sa ranar rufewa.

Makonnin da suka rage, a kan Verna ya ƙarar da su. Ta koyi canza filta da safar hannu a hannunta, don a bakin titi ba a cire safa. Ta koyi fitar da iska daga layin mai. Ta koyi abin da ake zubawa a tanki in sanyi ya wuce misali. Ya sa ta maimaita har ta ce masa in ya sake cewa "daga farko" za ta jefe shi da sifana. Amma akwai abin da ya fi ƙarfin hannunta, su biyun sun sani. Makaniki mafi kusa da ke taɓa tsohuwar dizal yana Yorkton, kuma ba ya fitowa.

Orest Danyluk, kunnen garinmu, mun gode. Kai ne ka tashi kafin kowa don mu mu isa inda za mu. Kai ne ka koya wa mutanen da ba su tambaye ka ba, ka yi musu faɗa, ka bi bayansu ka jona abin da suka manta. Yaran da suka isa makaranta da ɗumi ba su san kai ne ba. Elmer Klassen yana raye, yana cika wa matarsa tanki, yana rera waƙa. Wannan aikinka ne. Allah ya saka maka, ya ba ka hutun da ba ka iya ba.

Mu kuma samarin da muka gama sakandare muna zaune muna jiran motar da za ta fitar da mu daga garin nan, ya kamata mu ji kunya kaɗan. Ƙofar garejin nan a buɗe take tun kafin a haife mu. Har yanzu mutumin yana nan, hannunsa bai manta komai ba, kunne kawai yake nema. Duk mai kunne biyu lafiyayyu da ɗan haƙuri, ya san gidan. Wanda ba zai iya makanikanci ba, ya koyi ɗaya abin: ya ga mutum na shirin faɗuwa, ya tare shi ba tare da ya kira jama'a su kalla ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa walima a zauren gari. Mata suka kawo pirogi, wato 'yan ƙullin fulawa masu dankali a ciki, da kubasa, naman da ake ɗurawa a hanji, da miyar kabeji. Tsofaffin shagon biredi suka zo da rigunan coci, suka yi ta yabonsa da ƙarfi don ya ji. Wani ya ce garejin an sayar wa wani mutumin birni da zai riƙa ajiye jiragen ruwan shaƙatawa a ciki. Orest yana zaune kusa da Stefania cikin kwat ɗin da ta matse shi, yana gyaɗa kai ga maganganun da rabinsu bai ji ba. Ta taga ana ganin ƙanƙarar farko ta fara sauka a kan motocin da ke jere a waje.

Aka ce Elmer ya yi magana. Verna ta taimaka masa ya miƙe. Ya riƙe bayan kujera, ya ce shi ba mai dogon zance ba ne, Orest ya san abin da ke tsakaninsu. Aka tafa. Bai zauna ba. Ya juya ya dubi teburin da mu samari muke, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da ido, ba da fushi ba.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "In ta sake mutu mana bayan gadar nan a watan Janairu, wa Verna za ta kira?"